Adashin da Ƙasa Ke Kwashewa

Wanda ke son sanin lafiyar tsohuwar mota kada ya ɓata lokacinsa wajen shafa fenti ko sauraren rantsuwar dillali. Ya ce a buɗe masa but kawai. In ya tarar da gorar jan mai kwance kusa da safaya, ga mazurarin da aka yanko daga wuyan robar ruwan sha, ga wani tsumma da a zamanin ƙuruciyarsa singileti ne, to bincike ya ƙare. Man sitiyarin fawa na zuba, mai motar ya sani, kuma ya yanke shawarar shi da yoyon za su zauna lafiya har illa ma sha Allahu. Mu 'yan jam'iyyar tsohuwar mota, masu Camry da Accord da Golf ɗin da suka gama aikinsu a Turai da Amurka suka zo nan hutawa aka ɗora musu sabon aiki, mun mayar da gorar nan wani sashe na mota, har wanda ba ya yawo da ita ake yi wa kallon sakaki. Ni kuwa magana ɗaya nake so in tsayar. Ƙarin mai adashi ne da kai kaɗai ke zubi, ƙasar ƙofar gidanka ke kwasa kowane zagaye. Abin da ya fi komai araha a lamarin, wato a wanke injin a ga ta inda man ke fita, shi ne muka fi ƙyashin yi.

Sai an san abin da ke gudana a ƙarƙashin bonet ake gane girman asarar. Sitiyarin fawa na tsofaffin motoci da mai yake aiki. Akwai ɗan tanki mai murfi, akwai famfon da bel ke juyawa daga injin, akwai tiyo biyu, ɗaya na kai mai da ƙarfi, ɗaya na dawo da shi a hankali, sannan ga rak, doguwar sandar ƙarfe mai haƙora da ke kwance tsakanin tayoyin gaba. Direba na murɗa sitiyari, bawul ya buɗe ya tura mai gefe guda na fistin ɗin da ke cikin rak, man ya yi turi, direba ya karɓi yabo. Duk man da ke zagayawa a ciki bai wuce lita ɗaya da 'yan kai ba, amma matsin da yake sha ba na wasa ba ne. A ma'aunin da mai faci ke sa wa taya iska 32 ko 35, famfon fawa yakan haura 1,000 in aka murɗe sitiyari ya kai maƙura. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne wannan zagaye rufaffe ne. Injin da ya tsufa yakan ƙone baƙin mai ya fitar da shi ta salansa, fawa kuwa ba ta da inda za ta ƙone ko ɗigo. Saboda haka duk wanda ya ce maka motarka tana ɗan shan man fawa, kara ya yi mata. Ba ta sha, zubarwa take yi, kuma kowane cokalin da ya ɓace yana da ƙofar da ya fita.

Aljanu da bakin mutane sun sha ɗaukar zargin, alhali roba ce ta tsufa. Kowace mahaɗa a tsarin roba ce ke toshe ta: zobba a bakin famfo, sil a jikin sandar famfo, wasu sil ɗin a cikin rak, ga tiyon su kansu. Motar da aka ƙera a 1999 ko 2004, robarta ta yi shekara 20 da ɗoriya tana gasuwa a gefen injin, ta bushe, ta yi tauri, ta daina manne wa ƙarfe. Da aka sauke ta a Kwatano ko Legas kuma, sai aka kawo ta inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, kamar Sakkwato da Maiduguri. Ga ƙura. A kowane gefe na rak akwai wata roba mai ninki-ninki da ke rufe sandar, in ta yage, yashin hunturu ya kwanta a kan ƙarfe mai sulɓi, duk murɗawa ɗaya a ja shi ta cikin sil, damina ta zo ruwa ya shiga ya bar tsatsa ta ƙarasa aikin. Sannan ga namu halin. In za mu juya a ƙaramin lungu, sai mu murɗe sitiyari har ƙarshe mu danne shi da iya ƙarfinmu, famfo na ihu muna gaisawa da maƙwabci ta taga. A daidai wannan lokacin matsi ke kai ƙololuwa, mai ke ɗaukar zafi. Littafin motar ya yi gargaɗin kada a riƙe shi haka fiye da 'yan daƙiƙu, sai dai littafin rabonsa da motar tun tashar jirgin ruwa.

Yadda abin ke tafiya kusan iri ɗaya ne a kowane gida, shi ya sa ba sai na kama sunan kowa ba. Da farko ɗigo ne guda a siminti, maigida ya dube shi ya ce na babur ɗin yaron maƙwabta ne. Bayan mako biyu ɗigo ya yi faɗi, uwargida ta fara tambayar wa zai goge, sai a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota, an magance matsalar siminti ke nan. Daga nan murya ta fito. Famfon da ya zuƙi iska yana da wani gurnani mai ratsa unguwa, kuma ya iya zaɓen lokaci. Ba ya yi a kan babbar hanya inda babu mai ji, sai a wurin ɗaurin aure, sa'ad da aka ce Alhaji ya ɗan gyara fakin motar ango za ta wuce, manyan riguna na tsaye suna kallo. Alhaji ya sa ribas, ya murɗa, mota ta ɓarke da kuka, wani dattijo ya ce subhanallahi, yara suka taru. Washegari sai gareji, inda yaron bakanike zai buɗe murfi ya leƙa ya ce, "Alhaji, ai ɗan ƙari take so." A ƙara, kuka ya ɗauke nan take, Alhaji ya ba da na goro ya tafi yana yaba basirar yaro. Ɗaukewar kukan nan ita ce tarkon. Da ƙari ba ya aiki ko kaɗan, da tuni an gyara motar. Illarsa yana aiki, na wata guda, sannan na kwana goma, sannan na kwana uku, har a kai ranar da za a cika tanki a Kano a fara cigiyar mai sayar da jan mai a Kwanar Dangora.

Mai ƙari zai ce to mene ne, ai mai ke fita mai ke shiga. Da haka abin ya tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Tsakanin ƙari da ƙari akwai sa'o'in da tanki ke ƙasa, famfo na zuƙar iska tare da mai. In ka buɗe murfi a lokacin za ka ga man ya yi kumfa ya koma ruwan hoda. Mai mai kumfa ba ya turi sosai, ba ya kuma raba ƙarfe da ƙarfe, don haka 'yan fallayen da ke juyawa a cikin famfo su riƙa cin jikin gidansu, garin ƙarfen ya bi mai har cikin rak, ya kankare sil ɗin da a dā lafiyarsa ƙalau. Yoyon da ya faro daga tiyon dawowa, wanda kilif guda zai tsayar, ya haifi mataccen famfo, famfon ya haifi rak mai zuba. Man da ya fita waje shi ma ba ya tafiya hannu rabbana. In ya sauka a kan bel, bel ya riƙa santsi yana ƙara, caji ya ragu, in kuma shi ke juya famfon ruwa, injin ya ɗauki zafi. In ya shiga altaneta ya haɗu da ƙura, wata safiya sai a nemi masu turi. In ya jiƙa robobin ƙafa, ya lausasa su. In ya ɗiga a kan salansa mai zafi, hayaƙi ne, wani lokacin har wuta. A 2012 kamfanin Honda ya kira motocin Accord masu injin V6 na 2003 zuwa 2007 sama da rabin miliyan a Amurka domin a canza musu tiyon fawa, saboda zafi na lalata shi, man ya riƙa ɗiga a kan tukunyar tace hayaƙi. Irin waɗannan motocin suna nan birjik a titunanmu, kuma wanda ya sayi tasa a hannu na uku ba shi da tabbacin ta amsa wannan kira kafin ta hau jirgi.

Abin da nake kira a yi ba ya buƙatar kwamfuta. A bar injin ya huce, a wanke famfo da tiyo da rak da kananzir da omo, a bari su bushe. A cika tanki daidai layin da aka zana, ba har wuya ba, domin mai na kumbura in ya yi zafi, wanda aka cika fal zai amayar ta murfi ya ƙirƙiro yoyon ƙarya. A tayar da mota, mutum ɗaya ya riƙa murɗawa dama da hagu, ɗaya ya haska tocila, hannun riga nesa da bel, yatsa kuma nesa da tiyon ƙarfi, domin siririn tsartuwa a wannan matsi na iya huda fata. Mai ƙasa yake bi, iskar tafiya kuma baya take kai shi, saboda haka inda ya taru ba nan ne mafarinsa ba, a nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Ƙofofin huɗu ne. Tiyon dawowa ba ya ɗauke da matsi, sau da yawa kilif ne ya saki ko bakin roba ya tsage. Tiyon ƙarfi yakan yi gumi daidai inda aka matse roba da ƙarfe, shi kam sai canji ko a kai wa masu matse tiyon tarakta da tifa, wanda ya naɗe shi da tsohuwar robar cikin taya ya yi ado ne kawai. Famfo yakan jiƙe ta bayan fuli. Rak kuwa ya iya ɓoye sirrinsa. Robar nan mai ninki aikinta tare ƙura, bai kamata a samu komai a cikinta ba sai ɗan giris. In ka matsa ta ka ji ta yi luɓus, aka sassauta kilif jan mai ya kwararo, to sil ɗin ciki ne, canza robar ba zai hana komai ba, sabuwar ma cika za ta yi. Akwai kuma gurnanin da ba ɗigo. A wasu Honda, wani zoben roba a bakin famfo, wanda bai fi zoben yatsa girma ba, shi ke taurare ya bar iska ta shiga, musamman da sanyin safiya, kuma an sha jefar da famfo lafiyayye a kansa. A ƙarshe a tuna jan man da ke ƙasa yana iya zama na giya, sai a duba tankin wa ke raguwa kafin a yanke wa sitiyari hukunci.

Ƙorafi na farko shi ne kuɗi, kuma ba na raina shi. Mutum zai ce motar ta tsufa, ba ta cancanci sabon rak ba, ga kuɗin makaranta ga haya. Wataƙila gaskiya ne. Amma wa ya ce masa rak ne? Wanda bai duba ba bai san ko tsoron da yake ji na rak ne ko na kilif ba, sai ya zauna yana fargabar babban kuɗi alhali ƙila bashin da ake binsa bai kai kuɗin gora biyu ba. Lissafin ma ba wuya. Gora ɗaya a mako, gora 52 ke nan a shekara. A je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a tambayi kuɗin tiyo, a dawo a ninka kuɗin gora, a ga wanda ya fi nauyi. Abin da ke ruɗin mu shi ne kuɗin ƙari daga canjin aljihu yake fita, ba ya buƙatar shawara da kowa, ba ya hana barci, shi kuwa kuɗin gyara dunƙule yake zuwa da sallama. Akwai kuma masu cewa ai sayar da ita za su yi, me zai sa su gyara wa wani. Motar da za a sayar ɗin nan, in ka bi diddigi, tun Sallar bara waccan ake sayar da ita. Ranar da mai saye ya zo kuma, abu na farko da zai yi shi ne ya murɗa sitiyari a tsaye, famfo ya ba da shaida, a zabge daga farashi abin da ya ninka kuɗin gyaran.

Ƙorafi na biyu na masu dabara ne, waɗanda ke cewa mai ai mai ne, kuma akwai maganin toshe yoyo a gwangwani. Murfin tankin da kansa yakan faɗi abin da yake so, in aka goge ƙurar aka karanta. Tsofaffin Toyota da yawa man giya irin Dexron aka rubuta musu. Honda nata man daban ne, kamfanin ya hana a zuba mata na giya. Volkswagen da yawa kore ne nasu. Amma da yake yoyo ba ya jiran a iso shago, abin da aka samu a bakin hanya shi ake ɗurawa, har tanki ya tara kala uku. Baƙin mai ya yi kauri, da sanyin hunturu famfo wahalar jan sa yake yi. Mafi muni man birki, wanda ake zubawa saboda shi ma a ƙaramar gora yake zuwa. Robar fawa ba don shi aka yi ta ba, yakan kumbura ta ya lalata ta, yoyon wuri ɗaya ya zama na ko'ina. Maganin gwangwani kuwa ba ƙarya ne gaba ɗaya ba. Aikinsa ya lausasa busasshiyar roba ya ɗan kumbura ta, don haka sil ɗin da ke gumi kaɗan yana iya lafawa na wani lokaci. Amma ba ya ɗinke tsagaggen tiyo, ba ya goge tsatsa daga sanda, ba ya kuma bambance roba mai ciwo da lafiyayya, duka yake kumburawa. Ko shi ɗin ma, sai wanda ya san ƙofar yoyonsa ne zai san ko zai amfane shi.

Ƙorafi na uku na jarumai ne. Su cewa suke iyayenmu sun tuƙa mota ba fawa ba su mutu ba, a bar man ya ƙare, damtse ya yi aikinsa. Tarihin yana tare da su zuwa wani wuri. Sai a 1951 ne Chrysler Imperial ta fito kasuwa da sitiyarin fawa, bayan haka ma an ɗauki shekaru da yawa ƙananan motoci ba su da shi. Amma waɗancan motocin don damtse aka ƙera su: sitiyari mai faɗi, siraran tayoyi, haƙoran da sai an yi ta juyi kafin taya ta kwanta. Volkswagen Beetle ma injinta a baya yake, gabanta ba nauyi. Camry kuwa injin da giya duk a kan tayoyin gaba suke zaune, tayoyin masu faɗi, sitiyarin ƙarami, juyi uku ko kusa da haka ya kai shi daga wannan maƙura zuwa waccan. Cire mata fawa ba ya mayar da ita motar dā, yana mayar da ita abin da ya fi motar dā tauri. A kan miƙaƙƙiyar hanya jarumi ba zai ji komai ba, har ya fara yi wa mutane wa'azi. Sai a shataletale, lokacin da ɗan Adaidaita Sahu ya yanko gabansa ba sigina, ko yaro ya biyo ƙwallo, a nan ne zai nemi rabin juyi cikin ƙiftawar ido sitiyari ya ce sai an yi shawara. Famfon da aka bari ba mai kuma bel bai daina juya shi ba. Wata rana zai ƙame, ya tsinke bel ɗin, in bel ɗaya ne ke riƙe da caji da sanyaya injin, jarumi ya kwana a hanya. Mai cewa a sayi sabuwa mai sitiyarin lantarki, irin wanda Suzuki ta fara sa wa Cervo a 1988 kuma ya zama ruwan dare yanzu, nasiharsa ta yi kyau, sai ya haɗo da kuɗin.

Ban ce a daina ƙari kwata-kwata ba. Wanda yoyo ya kama a hanya ya ƙara ya isa gida. Wanda ya duba ya tabbatar rak ne, albashi kuma sai ƙarshen wata, ya riƙa ƙara irin man da ya dace, kada ya bari ya sauka ƙasa da layi, ya daina danne sitiyari a maƙura, ya sa ranar gyara. Wannan mutum ya san abin da yake yi. Ƙorafin da ya rage shi ne mafi ƙarfi, kuma shi ne ainihin abin da ke hana mu zuwa gareji: tsoron kada a kai ɗigo a dawo da lissafin rak da famfo da saitin tayoyi, sannan rak ɗin na Baljiyam da aka ɗaura, wanda shekarunsa ɗaya da wanda aka cire, shi ma ya fara zuba kafin watan ya mutu. Hakan na faruwa. Sai dai jahiltar ciwon ba ya kare kowa daga wannan, shi ne ma yake miƙa mutum. Wanda ya shiga gareji ya ce, "Oga, tana kuka," ya ba da wuƙa da nama. Wanda ya ce, "Oga, a wanke mu gani tare," ya tsuguna ya riƙe tocila da kansa, ya ga man na fitowa da idonsa, ba a sayar masa da rak a kan kilif. In kuma rak ɗin ne, ya san ya ce a wanke tsohon man da garin ƙarfen da ke cikinsa, a ɗaga gaban mota a jak a yi ta murɗawa har iska ta fita, a kuma yi yarjejeniyar mayarwa da mai kayan kafin a ƙirga kuɗi. Tambaya ɗaya ce ke rarrabe masu gyara: ta ina yake fita? Bakaniken da ya amsa maka da yatsa, riƙe shi hannu bibbiyu. Wanda ya amsa maka da farashi, yi masa sannu da aiki ka ja motarka, ko tana kuka.